Gangar Jikin Na da Ƙarfi, Idanun ne Suka Tsufa

A ranar 13 ga Satumban 1997, wani jirgin dakon kaya na sojin Amurka samfurin C-141 ya tashi daga Windhoek, ya yi karo da jirgin sojin Jamus samfurin Tu-154 a saman teku, daura da gaɓar Namibiya. Mutum 33 ne a cikin jiragen biyu, babu wanda ya tsira. Bincike ya gano cewa jirgin Jamus ya kauce wa tsayin da ya kamata ya bi. Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da TCAS, na'urar da ke faɗakar da matuƙi idan wani jirgi ya doso shi, har ta umarce shi ya yi sama ko ƙasa. A lokacin kuwa, tuni doka ta wajabta ta a manyan jiragen fasinja na Amurka.

Nan ne matsalar tsofaffin jiragen dakon kaya take. Gangar jikinsu na iya shekara hamsin tana aiki idan ana kula da ita, amma rediyo da rada da ma'aunai masu allura da ke gaban matuƙi ba sa kai haka. Kamfanonin da suka ƙera su kan daina yin kayan gyaransu, sai makanikai su koma ciro na wannan jirgi su sa wa wancan. Dokokin sararin samaniya ma ba sa jiran kowa. Daga 1 ga Janairun 2020, Amurka ta wajabta na'urar ADS-B, wadda ke sanar da inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Jirgin da ba shi da irin waɗannan na'urori, ana iya hana shi hanyoyi mafi sauri, ya sha zagaye, ya ƙona mai a banza.

Katafaren jirgin C-5 Galaxy, wanda ya fara tashi a 1968, ya ci moriyar sabunta irin waɗannan na'urori. Kamfanin Lockheed Martin ya cire tsofaffin ma'aunai ya sa allunan kwamfuta, daga baya aka sauya injuna, har jirage 52 suka zama C-5M a 2018.

Labarin C-130 Hercules, wanda ya fara tashi tun 1954, ya fi sarƙaƙiya. A 2001 aka bai wa Boeing kwangilar sabunta na'urorin jirage sama da 500. Da aka buɗe cikinsu, sai aka tarar shekaru na kwaskwarima sun sa wayoyin wannan jirgi ba su yi daidai da na wancan ba. Kuɗi suka yi ta hawa, aka rage adadin zuwa ƙasa da rabi, daga bisani aka rushe tsarin aka raba aikin gida biyu: bin doka tukuna, sabunta ɗakin matuƙa daga baya. A ganina da haka ya kamata a fara tun farko, domin na'urar da ke hana karo ba ta cancanci ta jira allo mai kyan gani ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Najeriya na amfani da C-130H tun shekarun 1970, Nijar ma ta karɓi irinsa daga Amurka a 2021. Su ne ke kai sojoji da kayan agaji inda mota ba ta zuwa cikin sauƙi, kuma duk kasafin da ya tanadi kuɗin gyaran inji da fukafukai ya manta da na'urorin ɗakin matuƙa, ya bar matuƙan da fasinjojinsu cikin haɗari.