Shin Ko Kun San? Bafade, Dogari da Sauran Mutanen Fada

Shin ko kun san cewa kalmar bafade daga fada ta fito, kamar yadda Bakatsine ya fito daga Katsina, Bagobiri daga Gobir? Jam'in ma hanya ɗaya ya bi: Katsinawa, Gobirawa, fadawa. Ke nan Bahaushe ya ɗauki fada tamkar gari ce mai 'ya'yanta. Can bafade yake wuni, can yake ci, sana'arsa kuwa fadanci. Masu rubutu a waya su kula da lanƙwasa, don fadawa daban, faɗawa daban.

Shin ko kun san ba sarkin yanka kaɗai ke da fadawa ba? Hakimin Funtua, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Maska, yana da nasa. Haka Galadiman Katsina da ke zaune a Malumfashi, sarautar da Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe har rasuwarsa a 2019. Ko dagaci ba ya rasa mutum biyu ko uku da ke zama a zaurensa tun hantsi.

Ka je ƙofar hakimi da damina, lokacin da rigimar iyakar gona da ta ɓarnar shanu ke yawa, ka ga aikinsu. Tun daga nesa bafade ya karance ka. Shi zai nuna maka inda za ka tuɓe takalmi, ya yi maka iso, ya nuna maka inda za ka zube. Ka kwashi gaisuwa, hakimi bai ce uffan ba, sai ka ji murya daga gefe: "An gaishe ka!" In ka fara kame-kame, ya tsince maganar ya miƙa ta a tsare. In ka ɗaga murya, ka ji "Hattara!" Manomin da ya taso daga ƙauye da zafin rai sau da yawa a zauren nan yake hucewa kafin ya ga hakimin, don bafaden kirki ya san gonar wa ke maƙwabtaka da ta wa, ya san wa ya gaji wa. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, a kansa yake.

Shin ko kun san dogari da bafade ba abu ɗaya ba ne, ko da yake mutane na gwama su? Bafade na baki ne da kunne, dogari na tsaro. Shi ne mai babbar riga ja da kore da tulin rawani, shugabansu Sarkin Dogarai. Idan sarki zai hau doki ko zai sauka, ko zai gyara rawani, dogarai ke baza riguna su yi masa labule, don ba a son ido ya ga sarki a halin da bai kimtsa ba. Kuma rigar ba ta ado ce kaɗai ba. Ranar 19 ga Janairu, 2013, da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Sarkin Kano Ado Bayero wuta, dogarai ne suka kare shi da jikinsu. Wasunsu a nan suka rasu, Sarki ya tsira.

Kafin zuwan Turawa dogarai ne 'yan sandan gari: su ke kamu, su ke tsare mai laifi, su ke bulala. Turawa suka same su a haka suka ci gaba da aiki da su, daga baya aka kafa 'yan doka na En'e. A Katsina, Usman Nagogo ya shugabanci 'yan doka tun 1929, kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko a 1944. Ado Bayero ma sai da ya yi Wakilin Doka a Kano. Yau kalmar dogari ta shiga bariki: gidajen rediyo kan kira Manjo Hamza Al-Mustapha babban dogarin Janar Sani Abacha.

Zagi fa? Shi ne mai tafiya a ƙasa gaban dokin sarki ko na hakimi, jam'insa zagage, kuma babu abin da ya haɗa shi da ashar. Ranar hawan Salla, idan hakimai suka hallara a Katsina gaban Sarki Abdulmumini Kabir Usman, dubi zagagen kowane hakimi ka san nauyin gidansa. A fadar Kano akwai Shamaki mai kula da dawaki, da Majasirdi, da Kilishi wanda ke gyara shimfiɗar Sarki, ba ruwansa da nama. Mata ma suna ciki, don jakadiya ce ke shiga inda namiji bai isa ya taka ba.

Shin ko kun san jakada ma daga nan ya fito? A da, yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, sai su tura jakadu ƙauyuka karɓo haraji. Turawa suka soke wannan tsari, suka ce kowane hakimi ya koma gundumarsa da zama. Kalmar ba ta mutu ba, sai ma ta samu ɗaukaka: Ado Bayero jakadan Nijeriya ne a Senegal lokacin da aka kira shi sarauta a 1963.

Ita kanta fada ta yi tafiya. Akwai Fadan Kagoma da Fadan Karshi a kudancin Kaduna, akwai Fadan Gurma a Burkina Faso, kan tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja. A labarai kuma kullum muna jin fadar shugaban ƙasa, fadar Kremlin, fadar Paparoma.

Inda kalmar bafade ta ci wuya shi ne hannun 'yan siyasa. Yanzu duk mai bin ɗan majalisa yana "sai ka yi, ranka ya daɗe" don a miƙa masa na cefane, bafade ake ce masa, har fadanci ya koma nufin daɗin baki da kai gulma. Ba yau aka fara zargin ba, tunda magabata sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai ban cika yarda da karin maganar nan ba. Ina ganin wani gwanin bafade ne ya ƙirƙire ta, ya ɗauke laifi daga kan ubangidansa ya aza wa kansa. Wa ya zaɓi bafaden? Wa ke ba shi riga da Salla? Shugaban da ya tara maƙaryata a zaurensa ƙarya yake son ji.

Masu karatu na Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙafur, wanda ya san sunan wata sarautar fadawa da ake yi a garinsu ya aiko mana, da bayanin aikin mai riƙe da ita.