Zabon Daji Da Kirinjijiya: Wa Ya Ci Ribar Lagdo?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere da sassafe ya san zabin daji, sukan tsallaka titi a guje cikin garke. Ita kuwa kirinjijiya, wato agwagwar ruwan nan mai farar fuska da doguwar ƙafa, sai a bakin Binuwai ake jin fitonta sau uku a jere in magariba ta yi. A tukunya dukansu nama ne, amma zamani bai yi musu rabo daidai ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, ruwa ya zauna rani da damina, aka kuma buɗe gonakin shinkafa a ƙasan madatsar. To, kirinjijiya ta samu abin da take so. Da dare take kiwo, lokacin da mai gona ke barci, ta tsince irin da aka watsa, ta tattake shuka. Shi ya sa manomin shinkafa ba ya yi mata addu'ar alheri.

Zabo fa? Shi ba ruwansa da tafki. Abincinsa fara da gara da ƙwayar ciyawa, a kan itace yake kwana, amma a ƙasa zabuwa ke saka ƙwai cikin ciyawa da damina, ta yi kwanci kusan kwana 28. Nan matsalar take. Baƙin manoma sun kwararo daga wajen Marwa, gonakin auduga da masara sun cinye daji, ga garken shanu, ga kare, ga yara masu kwashe ƙwai a kai wa kaza ta ƙyanƙyashe. In mutum ya harbi zabuwa a watan Agusta, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba, sheƙa guda ya hallaka. Kirinjijiya in an matsa mata sai ta tashi zuwa Maga ko Tafkin Cadi. Zabo kuwa ɗan ƙafa ne, tashinsa ba ya nisa.

A ganina maharbanmu sun juya abin. Suna bin mai cinye musu fara, sun bar mai cin shinkafa, don kawai naman zabo ya fi tsada kuma babu ƙarni. Yau mai son ganin babban garken zabi hankali kwance, gara ya nufi gandun dajin Binuwai, wanda aka mayar wurin da gwamnati ke karewa tun 1932.