Kano Zuwa Maiduguri Ta Jirgin Sama: Nisa Da Lokaci

Mutane da yawa sukan yi tambaya, suna cewa, tun da jirgin sama yana gudun mil 500 a sa'a guda, don me ba ya kai mutum Maiduguri daga Kano cikin ɗan abin da ya ɗara rabin sa'a? Ga bayani.

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Maiduguri, in an miƙe sosai ba ratse, wajen mil 310 ne, watau kimanin kilomita 500. Mota kuwa sai ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ta ci kusan mil 370. Hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Maiduguri a 1964, ta fi duka zagaye, gama daga Kano sai an gangara Kaduna da Kafanchan, kana a hauro ta Bauchi da Gombe.

To, gudun nan na mil 500 jirgi ba ya yinsa sai ya kai ƙololuwa. Kafin nan sai ya gurgura a ƙasa zuwa bakin titin tashi, ya dakata a ba shi izini, sa'an nan ya yi ta hawa. Tun da sauran mil 100 ko fiye kuma matuƙi zai soma sauko da shi yana rage gudu. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ke cinye yawancin hanya. Lokacin da a kan rubuta a takardar tafiya kuwa ana ƙidaya shi ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga matsayarsa har ya tsaya a waccan. Saboda haka sai a lissafa wajen sa'a guda. Jirgin nan mai farfela biyu da a ke kira DC-3, mai gudun mil 170, a da kusan sa'a 2 ya kan yi.

Hanyar tsohuwa ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suka riƙa bi zuwa Hartum da Alƙahira, suna yada zango suna shan mai.

Iska ma tana da tata. In ta biyo bayan jirgi ta rage masa lokaci, in ta tare shi gaba ta ƙara. Amma babban abin da ke ɓata lissafi a ƙasar nan shi ne hazon hunturu, wanda ke tasowa daga hamadar Cadi tsakanin Nuwamba da Maris. Ran da ya yi kauri matuƙi ba ya hangen titin sauka, tilas a jinkirta tashi, ko a juya da jirgi wani fili. Kada fasinja ya ga laifin ma'aikata, ransa su ke tsarewa. Wanda ke da muhimmiyar bukata a watannin nan, kamar ɗaurin aure ko zaman shari'a, ya kyautu ya tashi tun ana gobe.