Ƙasusuwan dainaso a Yamai: Abin da iyali za su gani, da tambayar da ya kamata su fito da ita

A tsakiyar birnin Yamai, kusa da gadar Kennedy da ke kan kogin Isa, wanda 'yan Najeriya suka fi sani da Kwara, akwai Gidan Tarihin Ƙasa na Boubou Hama. Yawancin yaran da ake kai wa can zakuna da dorina da kuraye ne ke ransu, domin gidan tarihin haɗe yake da gidan namun daji. Sai dai a harabar akwai abin da ya girmi duk waɗannan dabbobi da shekaru miliyoyi: ƙwarangwal ɗin dainaso da na wani ƙaton dangin kada, waɗanda asalinsu daga hamadar yankin Agadas ne.

Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fi arzikin irin waɗannan ƙasusuwa. Amma da yawa daga cikin abin da aka tono a ƙasar yana Paris da Chicago da Venice da wasu biranen ƙetare. Saboda haka yawon wuni ɗaya da yara a wannan gida yana iya zama darasin kimiyya, yana kuma iya zama darasi kan yadda dukiyar ƙasa ke fita, da abin da ake buƙata kafin ta dawo.

Mene ne dainaso?

Masanin halittu ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya ƙirƙiri sunan a 1842 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙadangare mai ban tsoro. Daga nan ne wasu ke kiran dabbar da Hausa kakan ƙadangare. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa dainaso ya fi kusanci da kada da tsuntsu. Hasali ma masana sun tabbatar da cewa tsuntsayen yau, har da kaza da zabon da ke tsakar gida, daga wani reshe na dainaso suka fito.

Waɗannan dabbobi sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, suka kuma ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, in ban da reshen tsuntsaye. Mafi tsufan ƙasusuwan mutum irinmu da aka gano shekarunsu kimanin 300,000 ne. Don haka idan yaro ya tambaya ko ƙasusuwan Samudawa ne, ko na dodon tatsuniya, amsar ita ce ƙasusuwan dabbobi ne da babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganinsu da rai.

Abin da ake gani a gidan tarihi kuwa ya riga ya zama dutse. Idan dabba ta mutu a bakin kogi, laka ko yashi ya binne ta da wuri, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan riƙa ratsa ƙashin yana cika ƙananan ramukansa da ma'adinai. Bayan dogon zamani sai ƙashin ya taurare, siffarsa na nan, nauyinsa ya ƙaru. Daga baya iskar hamada ta kwashe yashin da ke sama, ƙashin ya fito fili.

Me ya sa sai Nijar?

Kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, inda hamadar Tenere take a yau ƙasa ce mai manyan koguna da dausayi da itatuwa. Wurin da ya fi shahara shi ne Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, sai kewayen Ingal da Marandet, inda duwatsun suka fi na Gadufawa tsufa. Ga wasu daga cikin halittun da aka samo, waɗanda sunayensu ma ke ɗauke da sunan ƙasar:

Ouranosaurus nigeriensis dainaso ne mai cin ganye, mai dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Masani Bafaranshe Philippe Taquet ya ba shi suna a 1976, kuma sunan yana da alaƙa da kalmar da Abzinawa ke kiran damo da ita.

Nigersaurus taqueti, wanda aka raɗa wa suna a 1999, tsawonsa ya kai mita 9. Bakinsa mai faɗi ne, yana ɗauke da haƙora fiye da 500, kuma kowane haƙori yakan sauya cikin kimanin kwana 14. Kiwo yake yi kai a sunkuye, kamar saniya.

Suchomimus tenerensis, wanda aka bayyana a 1998, mai cin kifi ne, da dogon baki irin na kada, tsawonsa kimanin mita 11.

Jobaria tiguidensis mai dogon wuya ne, tsawonsa kimanin mita 18. An ɗauko sunansa daga Jobar, wata halitta a tatsuniyoyin Abzinawa, da kuma tsaunin Tigidi. Wannan suna shaida ce cewa makiyayan yankin sun san ƙasusuwan, sun kuma ba su labari, tun kafin wani masani ya zo.

Sarcosuchus imperator shi ne ƙaton dangin kadan nan. Ba dainaso ba ne, amma sun yi zamani ɗaya. Ƙoƙon kansa kaɗai ya kai mita 1.6, kuma ƙiyasin tsawonsa yana tsakanin mita 9 da 12. An sami ɗan'uwansa a Brazil, abin da ke ƙara tabbatar da cewa Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke a da.

Yuraniyom da ƙashi: hanya ɗaya suka bi

Tun a shekarun 1950 wani limamin coci kuma masanin duwatsu, Albert-Félix de Lapparent, ya riƙa tattara ƙasusuwa a Sahara yana kai wa Paris. Amma babban binciken Gadufawa ya samo asali ne daga neman yuraniyom. Ma'aikatan hukumar makamashin nukiliya ta Faransa da ke binciken ma'adinai ne suka ci karo da filin ƙasusuwan, kuma a 1964 aka aika da ƙoƙon kan Sarcosuchus zuwa Paris. Taquet ya yi aiki a Gadufawa a 1965, ya sake komawa a 1966.

Wannan tarihi ya sa ziyarar ke da wata ma'ana ta daban, domin a cikin gidan tarihin na Yamai akwai zaure na musamman kan yuraniyom. Iyali na iya ganin dukiyoyin biyu a safiya ɗaya. Dukansu daga yankin Agadas suka fito, a shekaru ɗaya aka gano darajarsu, kuma an daɗe ana sarrafa su a wata ƙasa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ake ta muhawara kan yuraniyom, har gwamnatin soja ta mayar da kamfanin Somaïr mallakar ƙasa a 2025. Maganar ƙasusuwan kuwa ba ta cika shiga bakin 'yan siyasa ba.

Ina ƙasusuwan suke yanzu?

Labarin ba iri ɗaya ba ne. Ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus na farko an mayar da shi Yamai bayan an gama nazarinsa a Paris. Na biyu kuwa yana gidan tarihin halittu na Venice a Italiya tun shekarun 1970. Ƙasusuwan Spinophorosaurus nigerensis, wanda aka bayyana a 2009, masu bincike daga Jamus da Sifaniya ne suka tono su, aka kai su Braunschweig da Elche.

Mafi yawan abin da aka tono tun daga 1993 aikin tawagar Farfesa Paul Sereno ne na Jami'ar Chicago. A tafiyar 2022 kaɗai tawagar ta tono kimanin tan 55 na ƙasusuwa. Sereno ya sha bayyana cewa kayan na Nijar ne kuma za su koma. Ya kafa gidauniyar NigerHeritage, wadda ta tsara gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, tare da horar da ɗalibai 'yan ƙasar.

Masu kare fitar da ƙasusuwan suna da hujja. Raba ƙashi da dutsen da ya manne masa aiki ne na watanni ko shekaru, yana buƙatar ƙwararru da na'urori da ɗakunan ajiya masu kariya daga zafi da ƙura. Ƙashin da aka bari a fili kuwa iska da yashi na cinye shi, ɓarayin kayan tarihi kuma na iya riga masana isa gare shi. Masu suka su ma suna da tasu. Nijar na da doka tun 1997 kan kare kayan tarihi, amma aron da ba a sa masa rana ba yana iya zama kyauta. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke son nazarin Nigersaurus na ainihi sai ya nemi biza da kuɗin jirgi, alhali takwaransa na Chicago motar haya ta ishe shi.

Wasu ƙasashe sun nuna cewa dawo da irin waɗannan kaya mai yiwuwa ne. A 2023 Jamus ta mayar wa Brazil da ƙashin wani ƙaramin dainaso, bayan masana da matasan ƙasar sun matsa lamba a kafafen sada zumunta. A Tanzaniya an daɗe ana kiraye-kirayen a dawo da ƙasusuwan Tendaguru, waɗanda Jamusawa suka tono tsakanin 1909 da 1913 lokacin mulkin mallaka, kuma har yau suna Berlin.

Ina ruwan ɗan Najeriya?

Duwatsun ƙarƙashin ƙasa ba su san iyaka ba. Kwarin da ya ba Nijar ƙasusuwanta ya miƙo har Sakkwato da Kebbi, kuma a ƙarshen zamanin dainaso wani teku marar zurfi ya rufe yankin. Daga duwatsun Sakkwato aka samo Goronyosaurus nigeriensis, wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa sunan Goronyo a 1972, bayan binciken masana daga Italiya. An kuma samo Sokotosuchus, wani dangin kada. Mutum nawa ne a Goronyo suka san cewa sunan garinsu na cikin littattafan kimiyya na duniya? Najeriya ta yi shekaru tana fafutukar dawo da tagullan Benin, kuma ta fara cin nasara. Irin wannan kulawa ba ta kai ga ƙasusuwan Sakkwato ba tukuna.

Yadda za a shirya ziyarar

An buɗe gidan tarihin a 1959, yana kuma ɗauke da sunan Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihi da ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar har zuwa juyin mulkin 1974. Fili ne babba mai zauruka a warwatse, don haka akwai tafiyar ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi, domin tsakanin Maris da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. A fita da safe, a riƙe ruwan sha da hula, a kuma tambayi lokacin buɗewa da kuɗin shiga kafin a bar gida. A ranakun sallah wurin yakan cika maƙil da yara, wanda ke son kallo a natse sai ya zaɓi wata rana.

Ga mazauna Yamai da Dosso yawon wuni ɗaya ne. Wanda zai taso daga Sakkwato ta Illela da Birnin Ƙonni, ko daga Kebbi ta Kamba da Gaya, dole ya shirya kwana, ya tanadi cikakkun takardu, ya kuma bincika halin iyaka da tsaron hanya. Filayen ƙasusuwan na Agadas kuwa ba wurin kai yara ba ne, su kansu masu bincike da rakiyar sojoji suke shiga.

Gara a fara da ƙasusuwan kafin namun daji, domin yaron da ya ga zaki ba zai ƙara sauraron bayanin dutse ba. A sa shi ya auna tsawon ƙwarangwal da takunsa, ya dubi haƙoran ya faɗi ko mai cin nama ne ko ganye. Sannan a leƙa gidajen gargajiya na Hausawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, da kututturen Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a hamada har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973.

Ga manyan yara akwai labarin Gobero. A shekarar 2000, garin neman dainaso, tawagar Sereno ta gano wata tsohuwar maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. A ɗaya daga ciki an sami mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannu cikin hannu, tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Ko a zamanin ɗan Adam, Sahara ta taɓa zama ƙasar kifi da dorina.

Tambayar da ya kamata a yi wa jagora

A duk gidajen tarihin duniya ana haɗa ƙashi na ainihi da kwafin da aka zuba da roba ko siminti, saboda ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi da saurin karyewa. Wannan ba yaudara ba ce. Amma mai ziyara na da haƙƙin ya tambaya a gaban kowane ƙwarangwal: wannan na ainihi ne ko kwafi? Idan kwafi ne, ina na ainihin yake, kuma yaushe zai dawo?

Duk mai riƙe da kayan wata ƙasa hujjarsa ta farko ita ce masu kayan ba su da wurin ajiya, ba su kuma damu ba. Gini da kasafin kuɗi da guraben karatu ne za su amsa ta farkon, kuma wannan aikin gwamnati ne da ya kamata matasa su riƙa bin diddiginsa. Ta biyun kuwa iyaye ke amsa ta, duk ranar da suka yanki tikiti suka shiga da 'ya'yansu.