Masu gudun sanyi da gidajensu a hamadar Arizona

Da zarar watan Nuwamba ya kama, ƙanƙara ta fara rufe gonaki a Minnesota da Dakota da kudancin Kanada, sai manyan hanyoyin da suka nufi kudu maso yammacin Amurka su cika da wasu irin motoci masu ɗaki a ciki. Tsawon wasunsu ya kai mita 13. Akwai gado, akwai murhun gas da firji da banɗaki, wasu ma har da ɗan falo da ake turo shi waje idan an tsaya. Yawancin masu tuƙa su dattawa ne da suka ajiye aiki, miji da mata, wani lokaci da karensu. Cin rani ne, amma na masu hali: ba neman kuɗi ya fito da su ba, sanyi suke gudu. Za su zauna a hamadar Sonora har Maris ko Afrilu, sa'annan su juya akala zuwa gida kafin rana ta fara nuna halinta.

Abin da ke jawo su ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairu, zafin rana a birnin Phoenix ba ya wuce digiri 20 sosai, dare kuma ya yi sanyi mai daɗin barci. Amma yanayi kaɗai bai isa ba, sai da wurin sauka. A nan ne gundumar Maricopa, wadda Phoenix ke cikinta, ta yi abin a yaba mata. Tun a 1954, lokacin da mutanen birnin ba su fi dubu ɗari da 'yan kai da yawa ba, ta fara keɓe daji da duwatsu a kewayen gari, ta soma da Estrella. Yau gundumar na da mutum fiye da miliyan 4, gine-gine sun ci gonakin lemo da na auduga, amma filayen nan da aka keɓe, kusan hekta 49,000, suna nan ba a taɓa su ba. White Tank a yamma shi ne mafi girma. Usery na gabas, McDowell na arewa maso gabas, ga kuma Cave Creek da tafkin Pleasant. An ma haɗa su da wata hanyar ƙafa mai tsawon fiye da kilomita 500 da ta zagaye birnin. Da an jira sai yanzu, babu hukumar da za ta iya sayen ko rubu'in wannan ƙasa.

A sansanonin da ke cikin waɗannan gandaye, kowace mota tana da gurbinta: fili mai tsakuwa, tebur, wurin hura wuta, famfo da wurin jona lantarki. Ba a yarda mutum ya wuce kwana 14 ba, don kada wasu su mallake wurin, kuma a tsakiyar hunturu sai wanda ya kama gurbi ta intanet tun da watanni yake samu.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan mota ba zai ɗauka mai ne babban damuwar mai ita. Mai kam tana sha, manya daga cikinsu lita ɗaya ba ta kai su fiye da kilomita 3 ko 4. Amma da an tsaya, lissafin duk ya koma kan ruwa. Tanki uku ne a ƙarƙashin motar: ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. A jikin bango akwai 'yan fitilu da ke nuna inda kowanne ya kai, kuma su mutum ke fara dubawa da safe. Wanka ma da dabara: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka shafa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Idan tankunan ƙazanta sun cika, sai a tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa ramin da aka tanada, a sa safar hannu, a jona wani kakkauran tiyo, a fara sakin na bayan gida, sa'annan na wanka ya biyo baya ya wanke tiyon. Mutumin da ya shekara sittin yana buɗe famfo bai taɓa tambayar inda ruwan ya fito ko inda ya tafi ba, a nan yake fara sanin lita nawa ke isarsa a yini.

Ba kowa ke iya biyan kuɗin sansani ba. Can yamma, kusa da iyakar Kalifoniya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba, amma a watan Janairu motoci dubbai ne ke baje a filayen gwamnatin tarayya da ke kewaye da shi. Babu famfo a gurbi, babu lantarki sai na farantan sola da ke kan rufi. A cikin taron akwai masu kuɗi da suka zo don nishaɗi, akwai kuma tsofaffin da kuɗin fansho ya kasa biya musu hayar gida, motar ce ta zama iyakar abin da suka mallaka. Labarin waɗannan ne aka yi fim ɗin Nomadland a kansa, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021. A maƙabartar garin kuma akwai wani kabari da aka gina wa ɗan ƙaramin dala, da siffar raƙumi a bisansa. Na Haji Ali ne, wani mai jan raƙuma da sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya a 1856, lokacin da suka gwada ratsa wannan hamada da raƙuma. Gwajin ya watse, shi kuwa ya zauna har ya rasu a 1902.

To, ita motar iyakarta bakin ƙofa. Abin da ya kawo mutane shi ne su sauka su taka ƙasa, kuma daga nan babu na'urar sanyaya ɗaki.

Hamadar Sonora ba yashi ba ce zalla. Ruwan da Phoenix ke samu bai kai milimita 200 a shekara ba, amma yana zuwa sau biyu, yayyafi a hunturu da kuma hadari mai tsawa daga Yuli zuwa Satumba, shi ya sa ƙasar ke ɗauke da tsirrai masu yawa. Sarkinsu shi ne sawaro, wani dogon tsiro mai ƙaya wanda ba ya fitowa a daji ko'ina a duniya sai a wannan hamada. Yana iya wuce mita 12, ya rayu shekara 150 zuwa 200, amma a shekarunsa goma na farko da ƙyar yake kai tsawon ɗan yatsa, yana ɓoye a inuwar wata bishiya. Reshensa na farko sai ya haura shekara 50 yake fitowa. Jikinsa yana da ninki-ninki da ke buɗewa idan ya sha ruwa, ya tsuke idan fari ya yi tsawo. Dokar jihar Arizona ta hana sare shi ko tone shi ba da izini ba, kuma 'yan asalin yankin, mutanen Tohono O'odham, har yau suna tsinkar 'ya'yansa da dogayen sanduna a ƙarshen Yuni.

Wanda ya hau hanyar Kogon Iska a Usery, ko ya bi ta kwazazzabon White Tank inda mutanen Hohokam suka bar zane a jikin duwatsu tun ɗaruruwan shekaru, da wuya maciji ya dame shi a lokacin sanyi, ko da yake jihar na da nau'i 13 na masu ƙararrawa a wutsiya. Wanda zai fara gaisawa da shi shi ne wani tsiro gajere mai suna choya. Daga nesa kamar mai laushi, yana ƙyalli idan rana ta haske shi ta baya. Gaɓoɓinsa suna ɓallewa da an ɗan goge su, kuma kowace ƙaya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya. Ka sa hannu ka cire daga takalmi, ta koma hannun. Shi ya sa masu sanin wurin ke yawo da matajin kai a aljihu: a zura shi tsakanin gaɓar da fata, a fizge da ƙarfi, a kuma tabbata babu kowa a gaba.

Zafi ne mai kisa. A 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma a wannan shekarar gundumar ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin ajalinsu. Yawancinsu ba masu yawon dutse ba ne, talakawa ne marasa matsuguni da tsofaffi a gidajen da na'ura ta lalace, kuma bai kamata a manta da wannan ba idan ana zancen shaƙatawa. Amma masu hawan dutse ma suna ba 'yan kwana-kwana aiki, ana sauko da kimanin mutum 200 a shekara daga duwatsun birnin. Tun 2021 hukuma ta fara rufe hanyoyin duwatsun Camelback da Piestewa da rana a ranakun da aka yi gargaɗin tsananin zafi. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne bushewar iska: gumi na ƙafewa nan take, riga ba ta jiƙewa, mutum bai san ruwan jikinsa na tafiya ba sai jiri ya kama shi. Ƙa'idar da ake nanatawa a bakin kowace hanya mai sauƙi ce, idan ruwan gorarka ya kai rabi, juya, ko da ƙololuwar na gabanka.

Ruwa ma yana kisa. Busasshen rafi mai yashi wuri ne mai daɗin tafiya, sai dai hadarin da ya zuba a kan dutse mai nisan kilomita da yawa yana iya aiko da ambaliya alhali sama tana garau a kanka. A Yulin 2017 irin wannan ta kwashe mutum 10 'yan dangi ɗaya kusa da garin Payson.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk da wannan zafin hali, hamadar ta fi baƙinta rauni. Asali ba ta san gobara ba, domin tsakanin tsiro da tsiro ƙasa ce tsirara, wuta ba ta da abin bi. Ciyayin da aka shigo da su daga wasu nahiyoyi ne suka cike wannan tazara. Ɗaya daga cikinsu, wadda aka kawo daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu da riƙe ƙasa, 'yar dangin ƙarangiyarmu ce ta kusa. Tana bushewa, ta kama wuta mai tsananin zafi, ta sake tohowa da ruwan farko, sawaron da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan. Wata gobara a 1995 ta cinye mafi yawan gandun McDowell, kuma har yanzu mai tafiya yana gane inda ta bi saboda ƙarancin dogayen tsirran. A Yunin 2020 mota guda da ta kama wuta a gefen titi ta jawo ƙonewar kusan hekta 78,000 a dajin Tonto, saboda wata ciyawar baƙuwa da ta yi yawa bayan ruwan hunturu mai yawa.

Shi ya sa ake hana hura wuta a sansanoni da zarar rani ya matso, ake kuma tsananta wa masu barin hanya su keta daji. A wajen birnin Tucson, masu aikin sa kai kan fita da sassafe a lokacin sanyi, da ƙarfen haƙa a hannu, suna tone ciyawar nan ta Afirka ɗaya bayan ɗaya har saiwa. Irinta yana daɗewa a cikin ƙasa, don haka gangaren da aka share bana sai an koma masa baɗi, da baɗin baɗaɗa.