Mazaɓa ta 94 ta Majalisar Wakilan Jihar Bajiniya: Tarihin Zaɓenta da Ƙuri'ar Raba Gardama ta 2018

Gabatarwa

Kalmar ƙuri'a, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ma'anarta ta fari ita ce abin da akan jefa domin a raba gardama tsakanin mutanen da hakkinsu ya zo daidai, a bar wa rabo ya yi hukunci. Daga baya ne, da zuwan siyasar jam'iyyu, aka ɗora mata ma'ana ta biyu, watau takardar da ɗan ƙasa ke jefawa cikin akwati ya zaɓi wakilinsa. A cikin wannan takarda za mu duba wata mazaɓa guda a ƙasar Amurka inda ma'anonin nan biyu suka haɗu a zaɓe ɗaya. Nufinmu shi ne mu nuna cewa sakamakon zaɓe a mazaɓa yana rataye ne a kan abubuwa biyu da suke gaban ranar zaɓe da bayanta: wanda ya shata iyakar mazaɓar, da ƙa'idar da aka bi wajen ƙirga.

Mazaɓar da majalisarta

Jihar Bajiniya tana gabar gabas ta Amurka, babban birninta kuwa shi ne Richmond. Majalisar dokokinta ta samo asali tun 1619, sa'ad da wakilan Turawan Ingila 'yan kama-wuri-zauna suka fara zama a Jamestown. A yau majalisar kashi biyu ce: ta Dattawa mai kujeru 40, da ta Wakilai mai kujeru 100. Wakilai shekara biyu-biyu suke yi, ana kuma zaɓensu a shekarun da ba su rabuwa biyu daidai, kamar 2015 da 2017 da 2019, don haka zaɓensu ba ya faɗawa shekara ɗaya da na shugaban ƙasa. Wannan yakan rage yawan masu fitowa, ya kuma ƙara wa kowace ƙuri'a nauyi.

Tsarin kujera ɗaya ga kowace mazaɓa bai daɗe ba. A da, yankunan karkara sun fi birane wakilci nesa ba kusa ba, sai da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cikin 1964 cewa dole mazaɓun majalisun jihohi su yi kusan daidai da juna wajen yawan jama'a. Ko bayan wannan, Bajiniya ta ci gaba da amfani da wasu manyan mazaɓu masu wakilai da yawa, har zuwa 1982 da aka koma mazaɓu 100, kowacce da wakili guda. Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 8 da 'yan kai a jihar, watau kowace mazaɓa ta tashi da kimanin mutum 80,000.

A taswirar da aka yi aiki da ita daga 2011, Mazaɓa ta 94 tana cikin birnin Newport News ne, a bakin kogin James, ba nisa da Jamestown ɗin da muka ambata. Birni ne na masu ƙera jiragen ruwa, a nan ake gina manyan jiragen yaƙin Amurka masu ɗaukar jiragen sama, akwai kuma sansanin soja da jami'a. Baƙaƙen fata suna da yawa ƙwarai a birnin, amma akasarin unguwanninsu an sa su cikin Mazaɓa ta 95 da ke maƙwabtaka. A riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

Jam'iyyar Rifablikan ce ta riƙe kujerar tun farkon ƙarnin nan. Glenn Oder ya zauna a kanta daga 2002 zuwa 2011, sa'an nan David Yancey ya gaje shi. Cikin 2015 wata 'yar jam'iyyar Dimokurat, Shelly Simonds, wadda take cikin hukumar makarantun birnin, ta ƙalubalance shi, ya kayar da ita da tazara mai faɗi.

Zaɓen 2017

Ran 7 ga Nuwamba, 2017, shekara guda bayan zaɓen Donald Trump, iska ta juya a Bajiniya. Ralph Northam na Dimokurat ya ci kujerar gwamna da tazarar kusan kashi 9 cikin ɗari. A Majalisar Wakilai kuwa, inda Rifablikan ke da kujeru 66, Dimokurat 34, sai Dimokurat suka ƙwace kujeru 15 a dare ɗaya. Da ƙura ta lafa, Rifablikan na da 50 tabbatattu, Dimokurat 49, saura ɗaya tana lilo, ita ce ta 94, inda Yancey da Simonds suka sake karawa. Ƙirgar farko ta ba Yancey rinjaye da ƙuri'a 10 tak, cikin fiye da 23,000 da aka jefa.

Ya kamata a fahimci abin da ke kan wannan kujera. A Majalisar Dattawan jihar, in aka yi kunnen doki mataimakin gwamna ne ke raba gardama. Majalisar Wakilai ba ta da irin wannan mai raba gardama. In da Simonds ta ci, da an tashi 50 da 50, da kuwa tilas jam'iyyun biyu su zauna su raba shugabancin majalisa da na kwamitoci. Shi kuwa kwamiti a majalisun Amurka nan ne ƙabarin dokoki: ƙudurin da shugaban kwamiti ba ya so, sau da yawa ko zauren majalisa ba ya isa.

Simonds ta nemi a sake ƙirga. Ran 19 ga Disamba aka zauna yini guda ana bin takardu, tazarar nan ta 10 tana zagwanyewa kaɗan-kaɗan, har da yamma lissafi ya tsaya a kan 11,608 na Simonds, 11,607 na Yancey. Shugabannin Rifablikan na majalisa har sun fitar da sanarwar taya ta murna. To, amma sakamakon sake ƙirga ba ya tabbata sai alƙalai uku sun sa hannu. Kashegari, kafin su sa hannun, sai lauyoyin Yancey suka gabatar da wasiƙa daga ɗaya cikin ma'aikatan ƙirgar, yana cewa akwai wata takarda da aka jefar gefe jiya, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba.

Ga yadda takardar take. A can ba dangwala yatsa ake yi ba, ɗan da'ira ne a gefen kowane suna, mai zaɓe ya cike na wanda yake so da alƙalami. Wannan mai zaɓe ya cike da'irar Simonds, ya kuma cike ta Yancey, sa'an nan ya ja layi ya ratsa ta Simonds. A sauran muƙamai duka 'yan Rifablikan ya zaɓa. Lauyoyin Yancey suka ce ai magana a fili take: mutum ya yi kuskure ya soke, nufinsa Yancey. Lauyoyin Simonds suka ce a dubi layin gwamna na wannan takarda, inda shi wannan mai zaɓe ya cike da'irar Ed Gillespie na Rifablikan kuma ya yi mata zane a kai, ba tare da ya cike ta wani ba. In zane sokewa ne, to ya soke Gillespie ke nan, in kuwa jaddadawa ne, to Simonds ya jaddada. Suka ƙara da cewa lokacin ƙorafi ya wuce tun jiya da aka rufe ƙirga. Alƙalan suka shiga ɗaki suka fito, suka ba Yancey ƙuri'ar. Lissafi ya zama 11,608 da 11,608.

A ganinmu fassarar da alƙalan suka yi wa nufin mai zaɓen ba ta yi nisa da hankali ba. Mutumin da ya bi jam'iyya guda daga sama har ƙasa, da wuya a ce a nan kaɗai ya kauce. Inda muke da ja shi ne buɗe ƙofa ga takarda ɗaya bayan kowa ya riga ya san ƙuri'a nawa ake nema. Hukuncin da ma'aikata suka yanke tun ba a san inda lissafi zai tsaya ba ya fi kuɓuta daga zargi. Akwai kuma abin da akan manta: ɗan takara na uku, Michael Bartley na jam'iyyar Libatariyan, ya sami ƙuri'a 675, waɗanda ko kaɗan daga cikinsu sun isa su kashe gardamar tun daren farko.

A wancan lokaci dokar Bajiniya ta ce in aka yi kunnen doki, Hukumar Zaɓe ta jiha ta raba ta hanyar ƙuri'a, a ma'anarta ta fari. An taɓa yin haka cikin 1971 a kan wata kujera ta yankin Fairfax. Simonds ta roƙi alƙalai su sake duba hukuncinsu, suka ƙi. Ran 4 ga Janairu, 2018, a Richmond, a gaban 'yan jarida, aka rubuta sunayen biyu a 'yan takardu, aka naɗe kowacce cikin battar fim ta kyamara, aka zuba su cikin wani kwanon tangaran da aka aro daga gidan adana kayan fasaha na jihar, aka motsa. Shugaban hukumar, James Alcorn, ya sa hannu ya zaro ɗaya, ya buɗe, sai ga sunan David Yancey. Simonds tana da damar neman a sake wata ƙirgar, amma ta haƙura ran 10 ga wata, ranar da majalisa ta buɗe zama. Rifablikan suka riƙe majalisa da 51 da 49, Kirk Cox ya zama shugabanta.

A nan ya dace mu ɗan waiwayo gida, tun da tsarin mulkin Nijeriya na 1979, da na 1999 da ya biyo sawunsa, daga na Amurka suka ɗebo siffarsu. Dokar zaɓen Nijeriya ba ta yarda da jefa irin wannan ƙuri'a ba. In 'yan takara biyu suka yi kunnen doki a sama, ba a bayyana kowa, sabon zaɓe ake yi. Wannan ya fi kusa da ba jama'a hakkinsu, sai dai yana cin kuɗi da lokaci, kuma waɗanda za su fito a karo na biyu ba lalle su ne na farko ba.

Komawa ga taswira

Idan aka haɗa ƙuri'un dukan mazaɓu 100 a 2017, Dimokurat sun fi Rifablikan da tazara mai kauri, duk da haka kujeru 49 suka samu. Wani ɓangare na wannan ya faru ne saboda akwai mazaɓun da Dimokurat suka tsaya ba hamayya. Amma babban dalili yana cikin taswirar 2011.

Majalisar da Rifablikan ke da rinjaye a cikinta ce ta zana wannan taswira, ko da yake 'yan Dimokurat da dama, har da wakilai baƙaƙen fata, sun goyi bayanta a lokacin. Dokar Hakkin Zaɓe ta 1965 ta hana jihohi irin su Bajiniya rage ƙarfin ƙuri'ar baƙaƙen fata. Masu zanen suka kafa hujja da wannan, suka ɗauki mazaɓu 12, suka ce kowacce sai baƙaƙen fata sun kai aƙalla kashi 55 cikin ɗari na waɗanda suka isa zaɓe a cikinta. A ido wannan kariya ce. A aikace kuwa, tun da mafi yawan baƙaƙen fata Dimokurat suke zaɓa, tara su wuri guda yana nufin kwashe su daga mazaɓun maƙwabta. Ɗan takararsu ya ci da rarar da ba ya bukata, maƙwabcinsa ya faɗi da kaɗan. Amurkawa suna kiran irin wannan murɗiyar iyaka jerimanda, daga sunan Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts da ya sa hannu a kan wata karkatacciyar taswira cikin 1812. Mazaɓa ta 95 da ta 92, a yankin Newport News da Hampton, suna cikin goma sha biyun nan. Ita ta 94 ba ta ciki, amma abin da aka cusa wa ta 95 daga jikinta da na maƙwabtanta aka yanko shi.

Wasu masu zaɓe sun kai ƙara cikin 2014, shari'ar da aka sani da sunan Bethune-Hill. Kotun tarayya ta fara wanke taswirar, amma cikin Maris na 2017 Kotun Ƙoli ta ce a sake duba 11 daga cikin mazaɓun. A watan Yuni na 2018, wata biyar da 'yan kwanaki bayan an zaro sunan Yancey daga kwano, kotun ta yanke cewa mazaɓun nan 11 sun saɓa wa tsarin mulki, domin launin fata aka fifita a kan kowane ma'auni wajen shata su. Majalisa da gwamna suka kasa daidaitawa a kan sabuwar taswira, sai kotu ta ɗauko wani masanin kimiyyar siyasa, Bernard Grofman, ya zana. Gyaran 11 ya taɓa fiye da mazaɓu 20, domin ba a matsa iyakar gona ba tare da an taɓa ta maƙwabci ba. Shugabannin majalisa suka ɗaukaka ƙara, amma cikin Yuni na 2019 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce Majalisar Wakilai ita kaɗai ba ta da hurumin ɗaukaka ƙara a madadin jiha.

A Nuwamba ta 2019 mutanen nan uku suka sake tsayawa a Mazaɓa ta 94, amma a cikin sababbin iyakoki da suka shigo da ƙarin unguwannin baƙaƙen fata. Simonds ta sami kusan kashi 58 cikin ɗari, Yancey kimanin 40. Lalle ba za mu ɗora wannan duka a kan taswira ba: labarin kwanon ya sa sunanta ya zaga ƙasa, kuɗin yaƙin neman zaɓe suka kwararo, Dimokurat kuma sun yi ƙarfi a ko'ina cikin jihar a shekarar, har suka kama majalisa da 55 da 45. Sai dai zaɓen 2021 ya ba mu abin gwaji. A shekarar Rifablikan sun ci gwamna, sun kuma dawo da majalisa hannunsu da 52 da 48, amma Simonds ta riƙe kujerarta ba tare da wata gargada ba.

Cikin 2020 mutanen Bajiniya suka amince da gyaran tsarin mulkin jiha da ya miƙa aikin shata mazaɓu ga wata hukuma ta haɗin gwiwa, rabi 'yan majalisa rabi sauran jama'a, jam'iyyun biyu kuma kai-da-kai. Hukumar ta cije a karonta na farko cikin 2021, aikin ya koma hannun Kotun Ƙoli ta jiha, wadda ta sa masana biyu, Grofman da Sean Trende, suka zana taswira tun daga tushe, suka kuma sake wa mazaɓun lamba. A zaɓen 2023 Simonds ta tsaya ta ci a Mazaɓa ta 70, wadda ta ƙunshi wani sashe na Newport News. Lamba 94 kuwa ta ƙetare ruwa zuwa birnin Norfolk, inda Phil Hernandez na Dimokurat ya ci ta a wannan shekara.