Littattafan Kyauta a Waya: A Bambance Aya da Tsakuwa

Kwanan baya wata 'yar yayata ta kawo mini wayarta, wai ta rikice. Ko lamba za ta danna sai talla ta tare fuskar wayar, batir kuwa kafin azahar ya ƙare. Da na tsananta tambaya ta ce littafin soyayya ta je nema, aka ce ta danna wani koren maɓalli. Abin da ya sauka ba littafi ba ne, manhaja ce mai ƙarewa da .apk, ita kuma ta ba ta izinin duba saƙonni da lambobin da ke wayar. Sai da mai gyara ya wanke wayar tas, hotunan bikin ƙawarta duk suka bi ruwa.

Ba wai babu littafin kyauta na halal ba. Akwai, kuma da yawa. Mafi daɗewa a wannan harka shi ne Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya kafa a Amurka a 1971. Yau yana ɗauke da littattafai sama da 70,000 waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya cika. Mai son labarin bin sawun masu laifi zai tarar da Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle, tun daga A Study in Scarlet na 1887. Akwai The Moonstone na Wilkie Collins, 1868, labarin satar wani lu'ulu'u da aka kwaso daga Indiya. Idan ka fara shi bayan isha'i, kada ka ga laifin kowa in ka makara asuba. Masu son soyayya kuma ga Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813, inda uwa ta rasa sukuni kan aurar da 'ya'yanta mata biyar, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ba rajista, ba lambar waya, ba katin banki. Ka zaɓi nau'in EPUB, ya sauka cikin ƙiftawar ido, datar da zai ci ba ta kai ta gajeren bidiyo guda ba. Standard Ebooks na gyara irin waɗannan littattafai su yi daɗin karatu, LibriVox kuma 'yan sa kai ne ke karanta su da murya, ga mai son saurare yana aiki. Matsalar dai mafi yawansu da Turanci suke, Turancin ma na mutanen da.

Wani ɗan tsokaci: Gutenberg dokar Amurka yake bi. A Najeriya sai marubuci ya shekara 70 da rasuwa kafin littafinsa ya zama na kowa. Doyle ya rasu a 1930, nasa ya fita. Agatha Christie kuwa a 1976 ta rasu, don haka nata da saura a nan, ko da ka ga littattafanta na farko a can.

Sababbin littattafai fa? Wasu marubuta da kansu suke sakin na farko kyauta don a sayi na biyu, wasu kuma suna ɗora nasu a Wattpad, inda marubutan Hausa, galibi mata, suka cika fal. Wannan kyauta ce daga hannun mai abu. Sai dai a kula da manhajojin nan masu ba ka babi goma a banza, daidai inda amarya ta gano sirrin ango sai a ce sayi tsaba kafin ka ci gaba. Babi ɗari biyu, ɗari uku. Kafin ka ankara ka kashe kuɗin da ya fi na littafin takarda.

Tarko kuwa alamarsa a fili take: yana neman wani abu a wurinka. Lambar katin banki "don tantancewa", lambar sirrin da banki ke turowa, ko a ce ka sa lambar wayarka, daga nan a riƙa yankar maka katin waya kullum. Tun da hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin Z-Library, wani shafin sauke littattafai ba bisa ƙa'ida ba, a Nuwamban 2022, shafukan bogi masu kama da shi suka yi ta ɓullowa suna kwashe kalmomin sirrin mutane. Littafi galibi da .epub ko .pdf yake ƙarewa. Duk abin da ya zo da .apk ko .exe, goge shi ba tare da ka buɗe ba.

Saura wanda ya fi ci mini rai. Marubuciya ta kwana tana dannar waya, ta ce a biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga zaurenta na WhatsApp. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa wa dubu. Sau nawa muka ga marubuta sun rubuta "ban yafe ba" a saman shafi, muka zarce da karatu kamar ba da mu ake ba? Wannan ba kyauta ba ce, haƙƙin wata ne.

Don Allah, idan an turo maka littafin Hausa, duba shafin farko. In marubuciyar ta ce na kuɗi ne, biya ta ko ka bar shi. Iyaye kuma a riƙa leƙa abin da yara ke saukewa a waya.